Tara Ruwan Sama a Jambutu: Inda Ɗan Kasuwa Zai Nemi Bayani Kafin Ya Zuba Jari

YOLA: A kowace shekara, daga watan Mayu zuwa watan Oktoba, ruwan sama da ya kai kimanin milimita 900 ne ke sauka a Jimeta da kewayenta, kuma mafi yawansa yakan zuba ne a cikin Yuli da Agusta da Satumba. A unguwar Jambutu da ke ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, ruwan nan yakan gangaro daga kwanukan rufin gidaje da shaguna da rumfunan tasha, ya cika lambatu, ya ɓata hanyoyi, sa'an nan ya wuce kogin Binuwai ba tare da an ci moriyarsa ba. Bayan 'yan watanni kaɗan, wato a cikin Maris da Afrilu sa'ad da zafi kan haura digiri 40, masu gidajen nan da shagunan su ne ke tare 'yan ga-ruwa suna sayen jarka ɗai-ɗai.

Ga masu sana'a, wannan al'amari ya shafi uwar kuɗi kai tsaye. Jambutu unguwa ce ta hada-hada, domin tashar motarta tana cikin manyan tashoshin Jimeta, kuma a kewayenta akwai masu wankin mota da masu buga bulo da masu sayar da abinci da gidajen burodi da masu kiwon kaji, ga kuma manoman rani a bakin tafkin Geriyo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i da za ta yi yini guda ba ruwa. Da yake ruwan famfo bai wadaci birnin da ke ta bunƙasa ba, jama'a da dama sun dogara ne ga rijiyoyin burtsatse, su kuwa rijiyoyin sai da lantarki ko janareta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya ƙaru, haka ma farashin da mai saye ke biya.

Tara ruwan sama tsohuwar al'ada ce, domin kuwa babu gidan da ba a taɓa ajiye randa ko baho a ƙarƙashin indararo ba. Abin da ya rage shi ne mayar da al'adar ta zama aikin lissafi wanda za a zuba wa kuɗi a kuma san ranar da za su dawo. A nan ne mutane da yawa kan tsaya, saboda bayanan da ake bukata suna warwatse a ofisoshi dabam-dabam, ko da yake mafi yawansu ba su da nisa da Jambutu. Tambayoyi huɗu ne ke gaban mai son shiga wannan harka: nawa ne ruwan da ke sauka, nawa rufinsa zai iya kamawa, ina zai adana shi, kuma wane irin aiki ruwan ya dace da shi. Kowace tambaya tana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Alƙaluman ruwan sama

Ƙofar farko ita ce ta Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wadda aka kafa da dokar shekarar 2003. Hukumar tana da tashar auna yanayi a filin jirgin saman Yola, kuma a farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina wanda ke nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha, da yawan abin da zai sauka, da kuma inda ake tsoron ruwa zai tsaya na 'yan kwanaki a tsakiyar damina. Ana samun wannan hasashe kyauta a shafinta na intanet.

Sai dai hasashen shekara ɗaya bai isa a gina tanki a kansa ba. Abin da mai jari ke bukata shi ne alƙaluman wata-wata na shekara goma ko fiye, domin ya ga shekarar da ruwa ya yi yawa da wadda ya yi ƙaranci. Ban da NiMet, ana neman irin waɗannan alƙaluma a Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976, wadda hedkwatarta ke Yola, kuma ita ce ke kula da aikin noman rani na Geriyo. Wanda ya iya aiki da kwamfuta kuwa, akwai rumbun bayanai mai suna CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, wanda ya tattara ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a duba shi.

Haka zalika, mutum na iya zama ma'aunin kansa. Idan aka kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, nesa da bango da itace, aka riƙa auna zurfin ruwan da ya taru da ma'aunin 'yan makaranta bayan kowane ruwa, ana rubutawa a littafi, to kafin damina ta fita an sami alƙaluman da suka shafi wannan gida shi kaɗai.

Lissafin da ba ya bukatar injiniya

Ƙa'idar ba ta da wuya: milimita ɗaya na ruwan sama a kan mita murabba'i ɗaya, lita ɗaya ke nan. Alal misali, rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wato mita murabba'i 100, zai sami lita 90,000 a shekarar da aka yi ruwa milimita 900. Ba dukkansa ne zai shiga tanki ba, domin wani zai fantsama, wani ya bi iska, wani kuma a zubar da shi da gangan don wanke rufin. Saboda haka injiniyoyi kan ɗauki kashi 80 cikin 100 a kan rufin kwano, abin da zai ba da lita 72,000. Wannan ya yi daidai da duro 360 mai cin lita 200, ko kuma jarka 2,880 mai cin lita 25. Idan aka ƙaddara ana sayen jarka a kan Naira 100, ruwan Naira 288,000 ke nan yake bin lambatu daga rufi guda. Kowa sai ya sa farashin unguwarsu a madadin wannan ƙaddarawa ya ga abin da zai fito.

To amma akwai ɗaya ɓangaren lissafin wanda masu tallar tankuna ba su cika ambata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana. Gida mai mutum goma zai ci lita 200 ke nan kullum, kuma rani a Yola yakan kai wata shida ba ɗigon ruwa. Mai son ya ratsa ranin nan da ruwan sama zalla, sai ya tanadi ma'ajin da zai ci lita 36,000, wato tankunan roba masu cin lita 5,000 har guda bakwai da ɗoriya. Mai buga bulo ko mai wankin mota kuwa, bukatarsa ta ninka wannan sau da yawa.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne, ma'ajin ne ke cin kuɗi, indararo da bututu masu sauƙi ne. Don haka ga mafi yawan masu ƙananan sana'o'i, ribar da ta fi kusa tana cikin damina kanta: tanki matsakaici wanda zai cika ya ƙare, ya sāke cika sau da dama cikin wata shida, ya hutar da janareta, ya rage kuɗin 'yan ga-ruwa. Ruwa ɗaya mai ƙarfi na milimita 30 zai zuba lita 2,400 daga rufin da aka yi misali da shi. Wanda ya fara da tanki ɗaya ko biyu, ya riƙe lissafin abin da ya rage masa a damina guda, shi ne zai san ko ya dace ya ƙara jari don ajiyar rani.

Wane irin ma'aji?

Ma'aji iri uku ne aka fi sani. Akwai tankin roba da ake sayarwa a kasuwannin Jimeta, wanda ake kafawa cikin yini ɗaya, ana kuma iya ɗauke shi idan mai haya ya tashi. Akwai tankin siminti da ragar waya, wanda magini zai gina a wurin, ya fi araha idan girman ya yi yawa, kuma yana daɗewa in an ba shi ruwa sosai lokacin da simintin ke kamawa. Sa'an nan akwai tankin ƙarƙashin ƙasa, wanda ba ya cin fili kuma ruwansa na da sanyi.

Game da wannan na ukun, wajibi ne mazauna sassan da ke gangaren kogi su yi hattara. Jama'ar Adamawa ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, sa'ad da ruwan sama mai yawa ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda aka kammala a 1982. Inda ambaliya ke shiga, ruwan masai da na kwata na iya kutsawa cikin tankin ƙasa, kuma tankin da babu komai a cikinsa ruwan ƙasa na iya tura shi sama ya tsage. Kafin a haƙa rami, ya kamata a duba rahoton hasashen ambaliya da Hukumar Kula da Koguna da Ruwan Ƙasa ta Nijeriya, wato NIHSA, ke fitarwa kowace shekara, a kuma tambayi dattawan unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Shi ma tankin sama yana da sharaɗinsa, domin lita 1,000 na ruwa tan guda ne cur, saboda haka dole dandamalin da za a ɗora shi ya zama mai ƙwari.

Mai neman shawarar ƙwararru kan gini, akwai Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, a tsallaken gadar Jimeta, wadda aka kafa a 1981 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Tana da sassan injiniyan gine-gine da injiniyan aikin gona da nazarin ƙasa, kuma ɗalibanta sun yi rubuce-rubucen kammala karatu masu yawa a kan ruwan Jimeta da Yola, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu. Akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa a cikin Jimeta. A matakin ƙasa, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ita ce ke horar da ma'aikatan ruwa, tana kuma shirya gajerun kwasa-kwasai.

Tsabtar ruwan

Ruwan sama yakan sauko da tsabtarsa, rufi ne ke ɓata shi. Bayan wata shida na rani, kwano yakan tara ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru da busassun ganyaye. Don haka ba a tara ruwan farkon damina, a bar shi ya wanke rufin. Ko a tsakiyar damina ma, masana kan ba da shawarar a karkatar da abin da ya fara zubowa, wajen lita ɗaya a kan kowace mita murabba'i, ta hanyar wani gajeren bututu da ke cika kafin ruwa ya wuce zuwa tanki. A sa raga a bakin bututun shiga da na fitar rara saboda sauro, a rufe tankin ruf domin hasken rana shi ke haifar da gansakuka, a kuma wanke shi sau ɗaya a shekara. Rufin ciyawa yakan ba da ruwa kaɗan mai launi, rufin da aka shafa wa fenti mai dalma kuwa bai dace da ruwan sha ba sam.

Ruwan wanki da buga bulo da ban-ruwa ba ya bukatar wani magani. Na sha da dafa abinci kuwa sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin bisa ƙa'ida, musamman a gari irin wannan inda cutar amai da gudawa kan ɓulla da damina. Mizanin ingancin ruwan sha na Nijeriya, wanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2015, shi ne abin da ɗakunan gwaje-gwaje ke bi. Ana iya tambayar inda za a kai samfurin ruwa a Hukumar Ruwa ta Jihar Adamawa ko a jami'a. Wanda kuma ke da niyyar ƙulla ruwa a leda ko kwalba don sayarwa, babu makawa sai ya sami rajistar hukumar NAFDAC, ko daga ina ruwan ya fito.

Gona da lambu

Ga manomi, ƙasar gonarsa ita ce babban tanki. A yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, manoma Hausawa sun farfaɗo da ƙeƙasassun filaye ta hanyar tassa, wato ƙananan ramuka da ake haƙawa da rani a zuba taki a ciki, domin su kama ruwan farko su riƙe danshi a gindin shuka. A Burkina Faso ana kiran wannan dabara zai, kuma marigayi Yacouba Sawadogo, manomin da ya shahara da ita, ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Akwai kuma kunyar rabin wata da jeren duwatsu da ake yi a kan gangare don rage gudun ruwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa littafin jagora a kan waɗannan dabaru tun 1991, kuma yana nan kyauta a intanet da Turanci.

Mai son bayani da Hausa sai ya nemi malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Adamawa, ko kuma ƙasidun cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta daɗe tana buga takardun wayar da kan manoma. Masu lambu kuma ya kamata su san ƙiyasin da hukumar abinci ta duniya ke aiki da shi: ban-ruwa na kwarara yakan isar da kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan ga shuka, na ɗigo kuwa kimanin kashi 90. Bambancin nan, kuɗin mai ne ga wanda ke jan ruwa da inji.

Tattali ya fi araha

Litar da ba a ɓarnatar ba ta fi kowace lita sauƙin kuɗi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 a rana, alhali robar da za ta tsayar da shi ba ta kai kuɗin jarka kaɗan ba. Tankin sama da ke cika yana kwarara saboda an manta ba a kashe inji ba, asara biyu ce, ta ruwa da ta mai, kuma ɗan makunni mai tasowa da ruwa yana maganinta. Mai wankin mota na iya gina ƙaramin kwatami mai ɗaki biyu inda laka za ta kwanta, ya mayar da ruwan ɗauraya ya zama na wankin farko. Mai buga bulo kuwa, idan ya lulluɓe bulonsa da buhu ko leda bayan ya jiƙa, zai rage yawan ban-ruwa, bulon kuma ya fi ƙwari. Ruwan alwala na masallatai ma ya isa ya rayar da itatuwa.

Akwai kuma amfanin da ya shafi unguwa baki ɗaya. Rijiyoyin burtsatsen Jimeta suna jan ruwa ne daga ruwan ƙarƙashin ƙasa da kowa ke tarayya a cikinsa, kuma kullum sababbi ake haƙawa, ga shi siminti da kwalta suna rufe filayen da ruwa ke bi ya nutse. Idan aka karkatar da rarar tanki zuwa ramin da aka cika da tsakuwa da yashi, nesa da masai da tushen gini, an rage ruwan da ke bin titi, an kuma mayar wa ƙasa wani abu daga cikin abin da ake ɗiba.

Jari da darasin wasu ƙasashe

Wasu ƙasashe sun nuna cewa harkar na iya zama masana'anta. A cikin shekarun 1980, ƙasar Tailan ta yaɗa manyan randunan siminti masu cin kimanin lita 2,000 har miliyoyi, kuma daga baya magina masu zaman kansu ne suka riƙe sana'ar. A yankin arewa maso gabashin Birazil, mai fama da fari, shirin gina tankuna miliyan ɗaya ya zaɓi tanki mai cin lita 16,000 don sha da girki kawai, aka kuma horar da maginan ƙauyuka su gina. A Indiya, jihar Tamil Nadu ta wajabta tara ruwan sama a kan gine-gine a 2003. A duk wuraren nan, masu ƙera indararo da magina da masu haɗa famfo da dillalan tankuna sun sami kasuwa, kuma irin waɗannan masu sana'a suna nan birjik a Jimeta.

A nan gida, shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 da kuɗi Dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ya ƙunshi farfaɗo da ƙasa da kula da ruwa, kuma yana aiki ne ta ofishinsa na jiha tare da ƙungiyoyin al'umma. Mai neman rance don sana'a zai iya tuntuɓar Bankin Manoma ko Bankin Masana'antu ko hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu. Ko wanne aka je, abin da za a fara tambaya shi ne lissafi a rubuce: girman rufi, yawan ruwa, kuɗin gini, da abin da za a rage a wata.

Yadda ake tambaya

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, amma a ofis, tambayar baki ba ta cika barin sawu ba. Abin da ya fi shi ne a rubuta takarda, a faɗi ainihin abin da ake so, misali alƙaluman ruwan sama na wata-wata na tashar Yola na shekara goma, a kuma karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayanai daga hukumomin gwamnatin tarayya, ta kuma ba su kwana bakwai su ba da amsa, ko da yake wasu alƙaluman na yanayi akan biya musu kuɗi. Buƙatar da ta fito da sunan ƙungiya, kamar ta masu buga bulo ko ta masu wankin mota ko ta 'yan kasuwar unguwa, ta fi saurin samun kulawa, kuma ƙungiya na iya ɗaukar injiniya ɗaya ya zana tsarin da mutum hamsin za su yi amfani da shi. Gidajen rediyon ABC Yola da Gotel da Fombina su ma hanya ce ta jawo ƙwararru su yi bayani da Hausa da Fulfulde.

Lokacin shiri kuwa shi ne rani. A cikinsa ne ake auna rufi, a nemo alƙaluma, a kwatanta farashi, a gina dandamali, domin siminti ya sami lokacin kamawa kafin hadarin farko ya taso a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka sa'an nan ya fara neman magini, to damina guda ta wuce shi, kuma sai ya jira wata shekarar kafin ya sāke samun irinta.